RA'AYINMU: Ɗalibin da bai taɓa aiki ba, me zai rubuta a takardar neman aiki?

Duk ma'aikacin da ya kwana biyu a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja ya san ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa. Ana miƙa shi a bakin ofis, ana miƙa shi a harabar masallaci bayan an sallame Juma'a ko a ƙofar coci ranar Lahadi, ana cusa shi a aljihu a wurin ɗaurin aure, yanzu kuma ya koma shigowa ta WhatsApp da tsakar dare. Abin da ke ciki ba ya canjawa: takardar bayanan kai, wadda aka fi sani da CV, ta wani ɗa ko ƙane ko 'yar maƙwabci da ke dab da gama karatu ko bai daɗe da gamawa ba, haɗe da roƙon a taimaka a kai ta inda ya dace. Hadiman ministoci da na 'yan majalisa sun fi kowa sanin nauyin wannan kaya, domin akwai waɗanda durowar teburinsu ba ta rufuwa saboda shi.

Wanda ya zauna ya karanta goma daga cikin takardun zai ga kamar hannu ɗaya ne ya rubuta su, kuma sau da yawa hakan ne. A shagon buga takardu ake ɗauko tsohuwar CV ta wani, a goge sunansa a sa na sabon mai nema. Jimlar farko iri ɗaya ce, ta burin yin aiki a babbar ma'aikata mai ci gaba. Jerin halaye ma iri ɗaya ne: mai ƙwazo, mai gaskiya, mai iya zama da jama'a. Idan aka zo gurbin gogewar aiki kuwa, ɗayan biyu ake tararwa. Ko dai an bar shi fayau, ko an cike shi da sunan wani kamfani marar adireshi, inda wai matashin da bai wuce shekara 23 ba ya riƙe muƙamin manaja har shekara uku.

Wannan jarida na ganin duka biyun asara ce. Ɗalibin Nijeriya da ya kai ƙarshen karatunsa ba ya rasa abin rubutawa na gaskiya. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa cewa ayyukan da ya riga ya yi suna da daraja, da kuma wanda zai ba shi shaidar cewa ya yi su. Dukkan abubuwan nan biyu suna hannun masu karɓar ambulan ɗin.

Adalci ne a fara da abin da ke tura matasa ga ƙarya. Tallan aiki a bankuna da manyan kamfanoni kan nemi gogewar shekara biyu ko uku a muƙamin da aka ce na masu fara aiki ne, sannan a ƙara da sharaɗin kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Ɗalibin jami'ar gwamnati da yajin aikin ƙungiyar ASUU ya cinye masa wata tara a 2020, ya sake cinye masa wata takwas a 2022, ya shiga karatun shekara huɗu ya fito bayan shida, sannan ya zauna jiran a kira shi yi wa ƙasa hidima. Kafin ya karɓi takardar kammala hidimar, ƙofar shekaru ta kusa rufewa, ita kuwa ta gogewa ba ta buɗe ba tukuna. A watan Yulin 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira ga masu ɗaukar aiki su sassauta sharaɗin shekaru, amma kira ne kawai, tallace-tallacen suna nan yadda suke. Wanda kuma yake son sanin iyakar ƙishirwar aiki a ƙasar nan, ya tuna ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da turmutsitsi a jarrabawar ɗaukar jami'an shige da fice ya yi ajalin masu neman aiki a Babban Filin Wasa na Abuja da wasu garuruwa, bayan kowannensu ya biya Naira 1,000 kuɗin fom.

A irin wannan hali, rage shekara biyu ko ƙirƙiro kamfanin da ba a taɓa yi wa aiki ba kan zama kamar ƙaramin abu. Tarihin siyasar ƙasar nan ya nuna ba haka ba ne. A 1999 Salisu Buhari ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, amma bai cika wata biyu a kujerar ba ya sauka, bayan an gano cewa digirin da ya ce ya yi a Jami'ar Toronto ba shi da tushe, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. A watan Satumban 2018 Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin Ministar Kuɗi saboda takardar ɗage mata yi wa ƙasa hidima da aka gano ba ta gaskiya ba ce, duk da ta ce ita ba ta san jabu ba ce. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, lamarin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo a farkon 2024. Idan takarda ta iya tuɓe Kakakin Majalisa da minista, ƙaramin ma'aikaci a mataki na 08 ba shi da inda zai ɓuya.

Ramin ƙarya dama ƙurarre ne, zamani kuma ya ƙara ƙure shi. Ranar haihuwar matashin yau tana rubuce a wurin JAMB, da hukumomin WAEC da NECO, da lambar NIN, da BVN ta banki, da rajistar NYSC, sannan idan ya shiga aikin gwamnati ta shiga tsarin biyan albashi na IPPIS. Duk inda ɗaya ta saɓa wa sauran, tantancewa ɗaya ta isa ta tona. Ma'aikatan tarayya sun san cewa a Dokokin Aikin Gwamnati, jabun takardu na cikin manyan laifuffukan da kan kai ga kora, kuma laifin ba ya tsufa. Akwai waɗanda sai sun kusa ritaya, a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, sannan abin da suka rubuta suna samari ya dawo ya ci su. Babban da ya ba ƙaninsa shawarar ya rage shekara biyu ya ɗaura masa abin da zai yi ta ɗauka har ƙarshen aikinsa.

To me ɗalibin zai rubuta? Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne cewa aiki ba sai wanda aka biya albashi a kansa ba. Tun 1973 Asusun Horas da Ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban kimiyya da injiniyanci da noma da makamantansu zuwa masana'antu da ma'aikatu, galibi na wata shida ga 'yan jami'a. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha kan yi shekara guda ta sanin makamar aiki tsakanin ƙaramar difloma da babba. Ɗalibin fannin ilimi kan yi gwajin koyarwa a aji na gaske, gaban yara na gaske. Masu karatun lafiya suna zaga ɗakunan marasa lafiya, masu karatun shari'a ana tura su kotuna da ofisoshin lauyoyi. Duk waɗannan gogewa ce, kuma a gurbin gogewa ya dace a rubuta su, da sunan wurin, da watannin da aka yi, da abin da hannu ya taɓa.

Kundin bincike na shekarar ƙarshe shi ma aiki ne, idan ɗalibin da kansa ya yi shi. Wanda ya raba takardun tambayoyi ga manoma a ƙauyuka, ya tattara amsoshi, ya tace su a kwamfuta, ya tsaya gaban malamai ya kare sakamakonsa, ya yi irin aikin da ake yi kullum a sassan tsare-tsare da bincike da ƙididdiga na ma'aikatun tarayya. Kuskuren da ake yi shi ne a rubuta taken kundin kawai, ko a ƙi ambatonsa gaba ɗaya. Layi biyu da ke bayyana mutum nawa aka tambaya, wace manhaja aka yi amfani da ita, da abin da aka gano, sun fi kalmomin yabon kai goma amfani.

Sai shekarar yi wa ƙasa hidima, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a watan Mayun 1973. Bayan mako uku a sansani, matashi kan shafe ragowar shekarar a wurin da aka tura shi, da aikin raya al'umma na mako-mako, da horon sana'a na shirin SAED. Da yawa daga cikinsu hukumar INEC ta ɗauke su aikin wucin gadi a lokacin zaɓe, wasu har suka shugabanci rumfar zaɓe, suka riƙe na'urar BVAS, suka ƙirga ƙuri'u gaban wakilan jam'iyyu masu zafin rai, suka cike takardar sakamako suka sa hannu. Matashin da ya yi wannan ya riƙe amanar da ta fi ta wasu ofisoshi nauyi, amma sai a ga bai ambace ta a takardarsa ba domin a ganinsa kwana biyu kawai aka yi.

Akwai kuma rayuwar da ke wajen makaranta, wadda 'ya'yan talakawa suka fi kowa wadata da ita, suka kuma fi kowa jin kunyar rubuta ta. Yarinyar da ta shekara huɗu tana riƙe littafin ciniki da na bashi a shagon mahaifiyarta a Kasuwar Wuse ta san lissafin kaya da mu'amala da masu saye. Saurayin da ya zauna a rumfar POS a Kubwa ko Nyanya ya san daidaita kuɗin da ya shiga da wanda ya fita kowace yamma, ya kuma san yadda ake lallashin mai kuɗin da banki ya riƙe. Wanda ya koyar a Islamiyya ko ajin Lahadi, ko ya yi wa yaran unguwa darasin share fagen jarrabawa, malami ne. Wanda ya zama sakataren ƙungiyar ɗaliban jiharsa ya rubuta bayanan taro da wasiƙu, wanda ya zama ma'aji ya riƙe kuɗin jama'a ya ba da ba'asi. Rubuta bayanan taro da wasiƙa kuwa su ne farkon abin da ake sa sabon jami'in mulki a kowace ma'aikata.

Yadda ake rubutawa shi ne sauran aikin. Shafi ɗaya ya wadatar wa mai fara nema, domin mai tantancewa da ke da ɗaruruwan takardu a gabansa ba zai juya shafi na uku ba. A sama a sa suna, da lambar waya mai aiki, da adireshin imel mai ɗauke da sunan mutum na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiransa da shi ba. Tunda karatu ne babban jarin ɗalibi, shi ya kamata ya zo farko, a fara da na baya-bayan nan, da matakin digiri da shekarar kammalawa ko wadda ake sa ran kammalawa. Sannan gogewa, sannan ƙwarewa, sannan masu ba da shaida.

A kowane layi, a faɗi abin da aka yi da adadinsa. Maimakon a ce mutum ya iya koyarwa, a ce ya koyar da lissafi ga 'yan aji biyu na babbar sakandare su 60 tsawon zango biyu. Maimakon a ce ya iya kwamfuta, a faɗi manhajar, Excel ce ko SPSS ko AutoCAD, da abin da ya yi da ita. Ma'aunin mai sauƙi ne: duk abin da ba za a iya ba da labarinsa na minti biyu a gaban masu intabiyu ba, ko a gwada shi nan take idan aka ajiye kwamfuta, to kada ya shiga takardar. Harsuna ma ƙwarewa ce da ake mantawa. Matashin da ke jin Hausa da Fulatanci ko Kanuri ko Yarbanci ban da Turanci yana da abin da hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji da kafafen yaɗa labarai ke nema. Takardun shaidar horo na gaske, kamar na shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023, suna da gurbinsu, muddin an kammala horon.

Akwai abubuwan da bai kamata su shiga ba. Lambar NIN da BVN da lambar asusun banki ba su da wurin zama a takardar da za ta yi ta yawo daga waya zuwa waya, domin 'yan damfara ma suna tallan aiki. Addini da tsawo da launin fata ba su da alaƙa da yawancin ayyuka. Jiha da ƙaramar hukuma suna da muhimmanci idan aikin gwamnati ake nema, saboda tsarin raba daidai da sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada, amma kamfani mai zaman kansa ba lallai ya buƙace su ba. Haka nan takarda ɗaya ba ta dace da kowane aiki ba. Wanda ke neman koyarwa da wanda ke neman aikin banki ba abu ɗaya za su sa a gaba ba, ko da mutum ɗaya ne. Tunda da Turanci ake rubuta ta, a ba wani ya duba kafin a tura, domin kuskuren rubutu a sunan digirin mutum ya isa ya sa a ture takardarsa gefe.

Batun masu ba da shaida shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma a nan ne maganar ta dawo kan masu karanta wannan shafi. An saba cike gurbin da sunan Sanata ko Babban Sakatare ko basarake wanda bai taɓa ganin yaron yana aiki ba, wani lokaci ma bai san an sa sunansa ba. Malamin da ya duba kundin ɗalibi, ko shugaban makarantar da ya yi hidimar ƙasa a cikinta, ko injiniyan da ya kula da shi lokacin SIWES, sun fi kowane mai muƙami iya faɗin abin da zai amfani mai ɗaukar aiki. Sai dai shaidarsu ba za ta yi nauyi ba idan ba su da abin faɗa.

Kowace shekara dubban ɗaliban SIWES da masu yi wa ƙasa hidima na shiga ma'aikatu da hukumomin tarayya. Kowa ya san yadda da yawansu ke ƙarewa. Wasu tun a bakin ƙofa ake ba su takardar cewa babu gurbi. Waɗanda aka karɓa kan zama 'yan aiken sayen abinci da ɗaukar fayil daga bene zuwa bene, ko su wuni a kan benci suna latsa waya. A ƙarshen wata shida sai a kawo littafin rajistar aikin SIWES, wanda ya kamata a riƙa dubawa ana sa hannu mako-mako, a rattaba masa hannu gaba ɗaya cikin minti biyar ba tare da an karanta ba. Mai hidimar ƙasa da gwamnati ke biya Naira 77,000 a wata ya fita bai taɓa rubuta wasiƙar ofis ko ɗaya ba. Daraktan da ya bari hakan ta faru a sashensa, shi ne kuma zai zauna a kwamitin intabiyu yana kukan cewa matasan yanzu ba su iya komai ba.

Gyaran wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko amincewar majalisa. Duk shugaban sashen da aka turo wa ɗalibi yana iya ba shi aiki ɗaya tabbatacce mai farko da ƙarshe: ya tsara fayilolin shekara guda, ya rubuta bayanan taron sashe, ya haɗa alƙaluman rahoton wata uku, ya gyara rajistar kayan ofis. Yana iya duba aikin ya gyara masa da jan biro kamar yadda aka yi wa na gaba. A ƙarshe ya rubuta masa takardar shaida ta shafi ɗaya, mai kan ma'aikata, wadda ta faɗi ainihin abin da ya yi. Wannan takardar ita ce gogewar farko ta yaron, kuma ba ta ci wa kowa komai ba sai rabin awa.

Hadimai kuma su yi wa masu kawo musu ambulan adalcin faɗa musu gaskiya. Karɓar takarda da alƙawarin za a duba, alhali an san durowa za ta shiga, yana sa matashi ya shekara yana jiran kiran da ba zai zo ba. Ya fi alheri a zauna da shi minti goma, a nuna masa inda takardarsa ta gaza, a kuma nuna masa ƙofofin da ake shiga ba tare da katin kowa ba: shafin ɗaukar aiki na Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya idan an buɗe shi, da shirye-shiryen koyon aiki irin na NJFP da gwamnati ta fara da haɗin gwiwar hukumar UNDP a 2021, wanda ke tura sababbin masu digiri wuraren aiki na wata 12. Ya kamata kuma a sanar da shi cewa galibin masu digirin farko a mataki na 08 suke shiga aikin tarayya, kuma abin da ake nema a wannan matakin shi ne takardar digiri da ta hidimar ƙasa, ba shekarun aiki a wani kamfani ba. Ƙaryar da yake shirin yi ma ba a buƙatarta.

Duk wannan nasiha za ta zama wasa da hankali idan matasa suka ci gaba da ganin cewa ba a karanta takarda, kuɗi da ɗaurin gindi ake dubawa. Binciken da kwamitin wucin gadi na Majalisar Wakilai ya yi a 2023 kan sayar da guraben aiki ya fito da abin da aka daɗe ana faɗa a ɓoye, har wani tsohon jami'i ya amsa a bainar jama'a cewa ya karɓi kuɗi daga hannun masu neman aiki. Haka nan ɗabi'ar neman izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da talla ba ta mayar da gurabe da yawa rabon 'ya'yan masu hali. Saboda haka wannan jarida na kira ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya da Hukumar Raba Daidai ta Tarayya su tsaya kan tallata kowane gurbi da wallafa sunayen waɗanda aka ɗauka. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya wajabta wa ma'aikatu ba kowane ɗalibin SIWES da mai hidimar ƙasa aiki rubutacce da takardar shaida. Ma'aikatar Ƙwadago ta zauna da masu kamfanoni kan sharaɗin gogewa da na shekaru a muƙaman masu fara aiki. Jami'o'i da kwalejoji kuma su sa rubuta takardar bayanan kai cikin darussan gama-gari, kafin ɗalibi ya fita ya faɗa hannun mai shagon buga takardu.

Kafin hukumomi su motsa, akwai ɗalibi ɗaya ko biyu da ke zaune a kan benci a kusan kowane sashe na Sakatariyar Tarayya a yau. Mai sashen yana iya kiransu gobe da safe ya miƙa musu aiki.